Kafet ɗin Hajiya Kaltume Bai Bushe Ba

Salama a gare ku, 'yan uwa masu leƙowa wannan shafi. Wata ta rubuto mini a ƙasan kashin da ya wuce tana cewa, "Anti Ƙauna, da kyanki da sana'arki, me kika gani a jikin mai wankin kafet?" Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya. 'Yar uwa, tambayar nan ba ke kika fara yi mini ita ba. Babana ya riga ki, kuma shi da ya yi tasa ba dariya yake ba.

Bari in mayar da ku Jalingo ta wancan lokacin, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Gari ya cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola, kowa da jakar kayansa, babu mata babu tukunya. Sai gidajen abinci suka yi ta buɗewa. Wanda ya fi suna a wajenmu shi ne na Hajiya Kaltume. A gaba akwai tebura da kujerun roba na masu sauri. A ciki kuwa akwai wani ɗaki mai jan kafet daga bango zuwa bango, inda manya ke cire takalmi su zauna a ƙasa su naɗe hannun riga su ci tuwo da hannu kamar a gidajensu. Miyar kuka, man shanu, manja, romon farfesun kifi, duk abin da ya kuɓuce daga hannun babban mutum kafet ɗin nan ne ke shanye shi. Kafin mako ya zagayo ya koma wani abu dabam.

Ni kuma ina ɗinki a wani ɗan shago da Baba ya fitar mini a jikin gidanmu a unguwar Turaki. Ni na ɗinka wa Hajiya labulayen ɗakin. Ranar da na je auna tagogi, da sassafe ne, na tarar da wani dogon saurayi zaune a bakin ƙofa, ya naɗe wando har gwiwa, idanunsa jawur. Ban ko yi sallama ba ya ɗaga hannu.

"Kada ki taka!"

Kalmar farko ke nan da Tobiya ya taɓa gaya mini a duniya. Ba sannu, ba ina kwana. Na ce a raina wannan wane irin mara kunya ne. Ya sa na tsaya a waje da tef ɗina a wuya har sai da ya shiga ya danna tafin hannunsa a kowane lungu na kafet ɗin, ya shinshina, sannan ya ce, "To, bismillah, amma a cire takalmi." Da zan tafi ya ɗaukar mini jakata har bakin titi, ya tambayi sunana sau biyu wai bai ji da kyau ba. Ƙarya yake yi, ya ji.

Ku 'yan yanzu da ke kwana kuna danna waya ba za ku gane ba. Mu saƙonmu ƙararrawar keke ce. In zai wuce ta gaban shagona sai ya kaɗa ta, ni kuma in yi kamar allura ce ta faɗi, in sunkuya in leƙa ta ƙasan labule. Ran Juma'a da yamma ya zo zance, mu zauna a benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, Mama na daga ciki tana tankaɗe tana tari duk lokacin da ta ji mun yi shiru da yawa. Yana zuwa da rigarsa ɗaya tilo mai ruwan sararin sama, a goge tsaf, da rake ko gyaɗa a leda. Ni kuma in ɗaura atamfata mai ganye-ganye, in shafa hoda, in ce ai ban ma san zai zo ba. Ina son yaron nan, ba zan ɓoye muku ba. In ya yi dariya duk fuskarsa ce ke yi.

Abu ɗaya ne ke haɗa mu faɗa, shi ne aikin daren Asabar.

Da rana Tobiya yana wanke kafet da kujerun kushin a gidajen manyan ma'aikata, kuma a nan yake samun abin kirki. Amma duk daren Asabar, in Hajiya ta sallami mai cin abinci na ƙarshe, sai ya shiga ɗakin nan da buroshi da bokitai da wani tsohon injin zuƙe ruwa na gwanjo. Ranar Lahadi ba ta buɗewa sai da azahar, shi ya sa ta zaɓi wannan daren. Wankin ba shi ne wahalar ba. Busarwa ce. Sai ya ɗaɗɗaga kafet ɗin ya cusa kiret ɗin lemo a ƙarƙashi don iska ta ratsa, ya kunna fankoki, ya yi ta juya su daga wannan kusurwa zuwa waccan. In aka ɗauke wuta ya buɗe tagogi, ya shimfiɗa tsofaffin tawul ya yi ta tattakawa yana matsewa yana sake shimfiɗawa har gari ya waye. Abin da take biyansa kuwa, in ya sayi omo, ya sallami mai ruwa, ya ba ɗan acaɓan da ya ɗauko injin, ragowar ko yadin shadda mai kyau ba za ta saya ba.

"Tobiya," na ce masa wata Juma'a, "dubi hannunka. Omo ya cinye shi. Wannan aiki ne ko bauta?"

"Aiki ne mana."

"Aikin da ba riba?"

"Ƙauna, kin san Darakta na wajen sakatariya, wanda na wanke wa falo wancan makon? A ina ya san ni? A kan kafet ɗin Hajiya ya zauna, ya ji ba ya ƙarni, ya ce wa ke wanke wannan? Duk gidan da na shiga a garin nan, daga ɗakin nan aka kira ni."

"To ai yanzu sun san ka. Ka bar mata."

Ya ɓare gyaɗa, ya zuba mini a hannu. "Lokacin da na sauko daga ƙauyenmu Kona ba ni da komai sai buroshi. Ita ta ba ni mabuɗin ɗakin nan ta tafi gida ta kwanta. Wa ya taɓa ba ni mabuɗi?"

Na ce, "Mabuɗi za mu ci in mun yi aure?"

Ya yi dariyar nan tasa, ni kuma na ji haushin kaina don na san na sake faɗuwa. Har yau in kun tambaye ni ko aikin ya cancanci wahalarsa, zan ce muku rabi da rabi. Yana kawo masa mutane, gaskiya ne. Yana kuma cinye masa ƙarfi da barci, wannan ma gaskiya ne, kuma barcin nan shi ya kusa raba mu.

Babana, Baba Nehemiya, ɗan kasuwar doya ne kuma dattijo ne a cocinmu. Bencin dattawa yana gaba, yana fuskantar jama'a, don haka babu wanda zai yi hamma Baba bai gani ba. Tobiya kuwa daga gidan abinci yake wucewa gida ya watsa ruwa ya taho sujada. Waƙar farko yana tsaye. Ta biyu yana jingine. Fasto na buɗe Littafi kansa zai fara sauka a hankali, ya fizgo shi, ya sake sauka. Wata Lahadi har littafin waƙoƙinsa ya faɗi ƙasa, tim, ana tsakiyar addu'a. Ina cikin mawaƙa, na ji kamar in nutse.

Da muka koma gida ranar, Baba ko hula bai cire ba ya kira ni.

"Yaron nan da ke zuwa wajenki, burkutu yake sha?"

"A'a Baba! Aiki yake kwana yi."

"Aikin da ake yi da dare a dawo da jan ido, ni na san sunansa."

"Wankin kafet ne, Baba, a gidan abincin Hajiya Kaltume."

"Ko wankin jirgin sama ne. Mutumin da ba ya iya buɗe ido a gaban Ubangiji, a kan 'yata zai buɗe? Mutanensa sun aiko suna neman ranar da za su zo gaisuwa. Ban ba su ba, kuma ba zan bayar ba sai na ga idonsa biyu daga farkon sujada har addu'ar albarka ta ƙarshe."

Mama ta ce, "Baban Ƙauna, ai yaron yana da ladabi."

"Ladabi a cikin barci? Kowa ma yana da shi."

Na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi, sannan na fito na ci tuwona, don ni baƙin ciki bai taɓa hana ni cin abinci ba. Da Juma'a ta zagayo na gaya wa Tobiya duk yadda aka yi. Sai ya ce, "To, na ji." Na ɗauka zai je ya roƙi Hajiya ta sauya masa dare, ko ya haƙura da aikin gaba ɗaya. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Lahadin da ta biyo, jama'a, ku zo ku ga Tobiya! Ya yi aski, ido fari tas, ya zauna a benci na biyu inda Baba zai gan shi da kyau. Ya yi waƙa har muryarsa na danne ta mawaƙan zumuntar mata. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo a ranar, har wasu dattawan ma suka fara lumshe ido, amma Tobiya na zaune ƙyam yana gyaɗa kai yana cewa amin a inda ya dace da inda bai dace ba. Na saci kallon Baba na ga yana shafa gemu. Daɗi ya cika ni, na ce shi ke nan, an gama.

Muna isa gida muka tarar da Malam Hayatu, abokin Baba na garin Mutum Biyu, wanda suka yi shekaru suna lodin doya tare. Bafulatani ne siriri mai son tsokana, yana kiran Baba "Dattijo" shi kuma yana kiransa "Modibbo". Bayan sun gaisa Baba ya ce, "Modibbo, ka zo a daidai. Akwai yaron da ke neman 'yarka Ƙauna. Yau ya nuna mini alamar hankali. Ina so in je inda yake aiki in ji ta bakin matar, ka san ba a ba da 'ya sai an bincika."

"Kaltume? Ai 'yar garinmu ce. Tashi mu je, ka saya mini tuwo."

Baba ya sa farin kaftaninsa na shadda, wanda ni na yi wa aikin wuya da zare mai ruwan toka, ba ya sa shi sai ranar babbar hidima. Mama ta miƙo mini kula ta ce in bi su in karɓo mata farfesu, wai mura ke damunta. Babu wata mura. So take in je in ji komai in dawo in ba ta labari.

Hajiya ta tarbe mu da fara'a, ita da Malam Hayatu suka yi ta gaisawa da Fulatanci. Buɗewarta ke nan, ko ɗakin ciki ba ta leƙa ba. Ta tura ƙofar da kanta ta ce manya su shiga. Ni na tsaya a bakin ƙofa da kulata. Wani ɗan wari ya bugo ni, irin na rigar da aka manta a bokiti, amma na ce ko daga bayan gida ne.

Suka cire takalma. Da yake dukansu da safa a ƙafa, kuma bakin ƙofar ya sha iska, ba su ji komai ba sai da suka kai tsakiya. Baba ya tattara kaftani ya zauna da dukan nauyinsa. Malam Hayatu ya zauna kusa da shi. Na ga Baba ya ɗan yi tsam. Ya gyara zama. Ya sake gyarawa.

Malam Hayatu ya ce, "Dattijo, ni ne, ko kai ma kana jin sanyi daga ƙasa?"

Suka miƙe tare. Wayyo ni Ƙauna! Bayan farin kaftanin nan ya jiƙe sharkaf, kuma ba ruwa kaɗai ba, jan launin kafet ɗin ya zuba a jiki, faffaɗa kamar faifai. Malam Hayatu ya leƙa bayan Baba, ya leƙa nasa, ya fashe da dariya har yana riƙe bango. Hajiya ta dafe ƙirji tana salati. Ta taka kafet ɗin da ƙafarta, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunta.

"Tobiya ne ya yi mini haka? Tobiya? Tun da yaron nan ya fara mini aiki ban taɓa samun ko danshi ba!"

Ta aika aka kira shi. Gidan da yake haya ba nisa, sai ga shi a kan keke, har yanzu da kayan coci, yana murmushi don an ce masa Baba na nemansa. Yana ganin kaftanin murmushin ya ɗauke. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

Baba ya ce, "Kai ka wanke wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Haka kake aikinka?"

"A'a Baba. Kullum ina kwana da shi har ya bushe. Jiya na kunna fanka na kulle na tafi gida, don in yi barci in zo sujada da ido biyu. Ban san za a ɗauke wuta ba." Ya kalli kaftanin. "Na so in biyo da safe in duba, sai na ji tsoron kada in makara ku ga ba na nan."

Malam Hayatu na ta ƙoƙarin danne dariya. Ni kam zuciyata ta gama karyewa. Na ce yau ga barci ya tafi, ga aiki ya lalace, ga kaftani. Na fara tunanin yadda zan gaya wa Mama.

Hajiya ce ta fara magana, cikin Hausarta mai gauraye. "Baba, ni ban san zancen coci ba. Amma yaro nan, mabuɗi na yana hannun shi, kuɗi na yana durowa, nama yana firij, ko tsinke bai taɓa ɓata ba. Abin da nake ba shi ma kunya nake ji. Yau ne kawai ya yi mini hauka, ashe kuma saboda ku ne."

"Saboda ni?" in ji Baba.

Malam Hayatu ya share hawaye ya ce, "To saboda wa? Kai ka ce ido biyu kake so. Ga ido biyu ka samu, har da ƙarin ruwa."

Baba ya harare shi. Ya juya ya daɗe yana kallon Tobiya, sannan ya kalli hannayensa da ya dafa a ƙasa, duk sun tsattsage sun yi fari.

"Wato duk ranar da na ga kana gyangyaɗi, ka gama aikin mutane ne. Yau da ka yi mini amin har kunnena na ciwo, ka bar shi a jiƙe."

"Haka ne, Baba. Ku yi haƙuri."

"Ni ba ka ɓata mini komai ba sai riga, kuma mai ɗinkin tana gidana. Matar nan ka ɓata wa ciniki." Ya juya wajen Hajiya. "Hajiya, ba wani dare sai na Asabar?"

"Akwai Alhamis. Juma'a ma ba na buɗe ciki sai an sauko masallaci. Ai bai taɓa tambaya ba."

Na kalli Tobiya kamar in rufe shi da duka. Wata da watanni muna faɗa a kan benci, ashe baki kawai zai buɗe! Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana cewa wai ya ga kamar rashin kunya ne mutum ya zaɓa wa mai gida rana.

Baba ya ce, "Tashi. Ka busar da kafet ɗin baiwar Allah nan. Ranar da ya bushe, ita da bakinta ta ce ya bushe, ka gaya wa manyanka su zo."

Ban san lokacin da kular Mama ta kuɓuce daga hannuna ba. Allah ya sa babu komai a ciki.

Wuta ba ta dawo ba, don haka Tobiya ya ce sai dai a fitar da kafet ɗin rana. Ya cire ƙusoshin gefe, ya naɗe shi, shi da masu wanke-wanke suka ja shi zuwa filin bayan gidan suka baza a kan bencina. Baba ya ƙi tafiya. Hajiya ta ba shi zanen teburi ya yafa a baya, suka zauna a kujerun roba shi da Malam Hayatu suna cin tuwonsu a inuwa, Malam Hayatu na cewa wannan labarin sai ya kai shi Mutum Biyu ko da a ƙafa ne. Ni kuma na tsaya kusa da Tobiya ina riƙe masa tawul, ina ce masa sakarai a hankali yadda Baba ba zai ji ba, shi kuma yana ta murmushi yana tattaka kafet. Rana ta buɗe sosai, har tururi ya fara tashi daga jan gashin. Ban taɓa jin daɗin tsayuwa a rana irin na ranar ba.

Amma watan Agusta ne. Wajen la'asar iska ta juya, na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen duwatsun Kona. Masu wanke-wanken sun tafi kai abinci. Ɗigon farko ya sauka a goshina.

"Ƙauna, kama can!" in ji Tobiya.

Na tattare zanen cocina na kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya. Kafet mai danshi nauyi gare shi kamar buhunan masara, ko motsi bai yi ba. Yayyafi ya fara ƙarfi. Ina ja ina addu'a ina jin hawaye na zuwa, sai na ji an ture ni gefe. Baba ne. Ya yar da zanen teburin, jan tambarin nan na bayansa a fili kowa na gani, ya sunkuya ya cafki bakin kafet ɗin irin kamun masu lodin doya.

"Modibbo, ajiye tuwon nan ka zo! Ke Ƙauna buɗe ƙofa!" Ya ɗago ya daka wa Tobiya tsawa. "Kai kuma ɗaga naka sama, surukin banza, so kake ya sake jiƙewa mu kai Kirsimeti?"

Tobiya ya tsaya sororo, ruwa na sauka a fuskarsa. "Baba, me kuka ce?"

"Na ce ka ɗaga!"

Ya ɗaga.